Ba a fafe gora ranar tafiya

A duk shekara, idan lokacin rabon burs na karatu mai zurfi ya zo, bakin jama'a kusan ɗaya ne, daga ƴan kasuwa har ma'aikatan gwamnati: a tura yara su koyo aikin likita, su koyo injiniya, su koyo noman zamani da haƙar ma'adinai. Maganar tana da hujja, domin ƙasar da ke da ƙarancin likitoci da rijiyoyi ba ta da kuɗin ɓarna. To amma da zarar wani matashi ya ce burinsa ya share shekara biyar yana karatun doktora a kan zurfafan ƙa'idojin mikro-ekonomi, sai a dinga yi masa kallon wanda ya ƙoshi, ana cewa allon lissafi bai taɓa cika rumbu ba. Wannan kallo kuskure ne, kuma kuskuren ya daɗe yana jawo wa Nijar hasarar da ba a rubuta ta a kowane kasafi. Ƙasar da ke da uraniyom da ɗanyen mai, take sayen hatsi a shekarar fari, take ba da manyan kwangiloli, kuma take da iyakar kusan kilomita 1500 da Najeriya, tana buƙatar wasu ƙalilan daga cikin ƴaƴanta su ƙware a wannan fanni har ƙarshensa.

Ilimin tattalin arziki yana da manyan rassa biyu. Wanda aka fi ji a rediyo shi ne makro-ekonomi, mai duban ƙasa a dunƙule: kasafin kuɗi, bashin waje, da darajar sefa, wadda aka karya ranar 12 ga watan Janairu na 1994, har faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100. Mikro-ekonomi kuwa daga tushe yake somawa. Yana tambayar yadda magidanci ke raba ɗan abin hannunsa tsakanin tiyar hatsi da magani da kuɗin makaranta, yadda ɗan kasuwa ke yanke shawarar ya ajiye kaya ko ya fito da su, yadda farashi ke tsayawa, da yadda mutum biyu da ba su san cikin juna ba ke ƙulla yarjejeniya. Abin da ake yi kullum a babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram shi ne wannan ilimi yake so ya fayyace da hujja.

A matakin lisans ana koyar da shi da zane da misalai. A matakin doktora kuwa ba a karɓar magana sai da hujjar lissafi, daga sharaɗin farko har sakamako. A manyan jami'o'in Amurka karatun yakan ci shekara biyar zuwa shida, biyun farko na darussa ne da jarrabawa mai tsauri. A Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta, shekara uku ce bayan mastar, kuma sau da yawa takan zarce. Littafin da aka fi dogara da shi, wanda Mas-Colell da Whinston da Green suka wallafa a 1995, ya kusan shafi dubu. Ɗalibi yakan soma da zaɓin mutum guda da na kamfani guda. Sai ya shiga nazarin dabarun hamayya, inda kowa ke lissafin matakin abokin karawarsa kamar masu buga dara, fannin da John Nash ya aza wa tubali a 1950. Daga nan sai daidaiton kasuwanni gaba ɗaya, sai wuraren da kasuwa ke gazawa, sannan a rufe da yadda ake tsara doka ko kwangila ko gwanjo ta yadda mai ɓoye gaskiya ba zai ci ribar ɓoyewarsa ba. Karatu ne mai wuya, wanda ba ya yiwuwa sai da lissafi mai ƙarfi da Turancin Ingilishi, kuma ba kowa ke fita da takarda ba.

Masu adawa da kashe kuɗin ƙasa a wannan fanni suna da hujjar da ta fi ta allon lissafi nauyi. Suna cewa ai wannan ilimi ne ya haifi tsarin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da asusun FMI, wanda aka ɗora wa Nijar a shekarun 1980. Ma'aikata ba su manta da watannin da suka wuce babu albashi a shekarun 1990 ba. Manoman gyaɗa ba su manta da rushewar SONARA ba. Kuma ƙasa gaba ɗaya ba ta manta da ranar 9 ga watan Fabrairu na 1990 ba, lokacin da aka kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai suna zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. Wanda ya ga waɗannan abubuwa yana da damar ya yi shakkar duk mai ɗauke da jaka yana cewa a bar kasuwa ta yi halinta.

Sai dai wanda ya karanta ilimin har ƙarshe ya san abin da masu jakar ba su cika faɗi ba. Gaskiya ne Kenneth Arrow da Gérard Debreu sun tabbatar a 1954 cewa kasuwanni na iya daidaita kansu, kuma akwai ƙa'idar da ke cewa irin wannan daidaito ba ya ɓarnar dukiya. Amma ƙa'idar tana tafe da sharuɗɗa: kada a samu mai ƙarfin da zai juya farashi shi kaɗai, mai saye da mai sayarwa su san kaya daidai da juna, kuma kowane abu ya kasance da kasuwarsa, har da inshorar fari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya cika a kasuwar hatsi ta Nijar. Bayan haka, ƙa'idar ba ta ce komai ba a kan adalcin rabo, domin kasuwa na iya daidaita tsaf alhali wasu gidaje ba su ɗora tukunya ba. Mai ɗan ƙaramin sani yakan haddace sakamakon ya manta da sharuɗɗan, mai doktora kuwa sharuɗɗan ne abincinsa. Shi ya sa Joseph Stiglitz, wanda ya riƙe muƙamin babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya daga 1997 zuwa 2000, ya zama ɗaya daga cikin mafi zafin masu sukar FMI, kuma da makaman mikro-ekonomi ya yi sukar. Da a ce Nijar tana da irin waɗannan masana a teburin shawarwari na shekarun 1980, da aƙalla an samu mai tambayar baƙi ko sharuɗɗan ƙa'idarsu sun cika a Tawa.

Shekarar 2005 ta isa misali. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da farin dango, aka ƙiyasta giɓin cimaka da wajen tan 223.000, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na buƙatun ƙasa ba. Duk da haka, zuwa tsakiyar damanar 2005 buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, farashin dabbobi ya faɗi, kuma yaran da tamowa ta fi kamawa suna jihohin Maraɗi da Damagaram ne, wato rumbun ƙasa. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Farashi ya hau a arewacin Najeriya, hatsin da aka saba shigowa da shi daga can ya ragu, wasu maƙwabta kuma suka hana fitar da nasu. Magabatan lokacin sun daɗe suna riƙe da sayarwa a farashi mai rahusa don gudun dagula kasuwa, ba a soma rabon kyauta gadan-gadan ba sai a watan Agusta. Alhali tun a 1981 Amartya Sen, wanda ya samu lambar Nobel a 1998, ya nuna a littafinsa, da misalai har da farin Sahel na shekarun 1970, cewa yunwa na iya kisa ko da abinci bai ƙare ba, idan abin da talakka ke musanyawa da abinci, ƙwadagonsa ko akuyarsa, ya rasa daraja. Sen kuwa ya fito ne daga sashe mafi tsantsar lissafi na wannan fanni. Ma'aikatar da ke ƙirga tan kawai za ta ce giɓin kaɗan ne. Wadda ke ƙirga tiya nawa akuya ke saye za ta buga ƙararrawa tun kafin ruwan farko ya sauka.

Ana kuma cewa ƙa'idojin na ƙasashen masu arziki ne, ba su da abin faɗi a ƙasar Hausa. Bincike biyu na doktora sun ƙaryata haka. A 1961 George Stigler ya nuna cewa kaya iri ɗaya na iya samun farashi dabam-dabam saboda neman labari yana da tsada. Bayan shekara arba'in da ƴan kai, wata ɗaliba Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta gwada wannan ƙa'ida a kasuwannin hatsi na Nijar, tana amfani da alƙaluman farashi da ma'aikatan SIMA suka tattara kasuwa-kasuwa. Ta gano cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwar Damagaram ya daina shiga mota don kawai ya ji farashin Bakin Birji. Kafin ita, Christopher Udry ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 da 1989 yana nazarin bashi tsakanin manoma. Ya tarar ana ba da rance ba takarda, ba jingina a mafi yawan lokuta, kuma abin da ake biya yana sauyawa da halin da kowa ya shiga: idan gonar mai cin bashi ta lalace sai a sassauta masa, idan mai ba da bashin ne ya shiga uku sai a ƙara masa. Wato rancen ƙauye inshora ce a cikin rigar bashi. Duk mai shirin kafa asusun ba da rance a karkara ya kamata ya san wannan kafin ya buga takardun biyan wata-wata.

Waɗannan masu bincike sun yi aikin kirki, kuma babu mai ganin laifinsu. Abin kunyar yana gida: alƙaluman na Nijar ne, kasuwannin na Nijar ne, ƴan kasuwar da aka yi wa tambayoyi ƴan Nijar ne, amma sai da aka zo daga wata nahiya aka karanta abin da ke ciki. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, to amma sai in ya iya hawa rufin. Ɗan Maraɗi da ya tashi a rumfar ubansa ya riga ya san dalilin da ya sa ba a sayen sa a kasuwar dabbobi sai da dillali, wanda ke tsaya wa mai saye cewa dabbar ba ta sata ba ce. George Akerlof ya bayyana irin wannan matsala a 1970 da misalin tsofaffin motoci: idan mai sayarwa ya fi mai saye sanin aibin kaya, masu kayan kirki sukan janye, kasuwa ta lalace. Wannan aiki na cikin abin da ya ba shi lambar Nobel a 2001. Matashin da ya haɗa sanin rumfa da sanin allo yana da abin da baƙo ba zai taɓa samu ba.

Inda rashin irin waɗannan mutane ya fi tsada shi ne teburin kwangila. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Tun 2011 ake tace man Agadem a matatar da ke kusa da Damagaram, mai ƙarfin ganga 20.000 a rana, kuma a 2024 aka soma fitar da ɗanyen mai ta bututun kusan kilomita 2000 zuwa gaɓar tekun Benin. Ko da wa ake ciniki, Bafaranshe ne ko Basine ko wani sabon aboki, matsalar ɗaya ce: kamfani ya san ainihin kuɗin da yake kashewa, ƙasa ba ta sani ba. Idan aka ce za a mayar masa da abin da ya kashe a ƙara riba, ba shi da dalilin tsimi. Idan aka yanka masa farashi tsayayye, mai yiwuwa a biya shi fiye da kima, ko ya rage ingancin aiki. Jean-Jacques Laffont da Jean Tirole na jami'ar Tuluz sun rubuta littafi sukutum a 1993 a kan wannan tsaka mai wuya, suka nuna yadda za a jera wa kamfani kwangiloli iri-iri ta yadda zaɓin da ya yi da kansa zai fallasa ƙarfinsa. Tirole ya samu lambar Nobel a 2014. Manyan kamfanonin duniya suna ɗaukar waɗanda suka karanta wannan aiki su zauna musu a teburi. Kishin ƙasa yana iya sa a tashi daga teburin ko a sake abokin ciniki, amma lissafin da ke cikin sabuwar yarjejeniya sai mai sani.

Haka zancen gwanjo yake. A shekara ta 2000 Ingila ta sa masana suka tsara mata gwanjon lasisin salula, ta samu fam miliyar 22 da rabi. A wannan shekarar kuma ƙasar Suwis ta yi nata, kamfanoni suka haɗe kansu har masu nema suka zo daidai da yawan lasisin, aka sayar kusan a farashin buɗe ciniki. A watan Janairu na 2001 Najeriya ta yi gwanjo a fili, kowane lasisi ya tsaya a dalar Amurka miliyon 285. Kasuwar Nijar ba ta kai waɗannan girma ba, amma darasin ya shafi kowace takardar izinin haƙar zinariya da kowace kwangilar kwalta: tsarin ciniki shi ke sa ko ƙasa ta ci ko a ci ta.

Ma'aikacin gwamnati ma abin ya shafe shi kai tsaye. Bengt Holmström da Paul Milgrom sun nuna a 1991 cewa idan aka ɗaura ladan ma'aikaci a kan abin da ake iya ƙirgawa kaɗai, zai yi sakaci da abin da ba a ƙirgawa. Malamin da ake auna shi da yawan waɗanda suka ci jarrabawa zai koyar da hadda, jami'in duwan da ake auna shi da kuɗin shiga kaɗai zai matse mai gaskiyar da ya biyo ta ƙofa, ya ƙyale mai bin daji. Ɗan kasuwa kuwa ya ga aikin wannan ilimi da idonsa lokacin da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Man ruwa-ruwa ya yi tsada, masu ababen hawa suka koma gidajen mai, buƙata ta haura abin da matata ke iya fitarwa, kuma a watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a birane. Duk farashin da hukuma ta yanka a Yamai yana da inuwa a Jibiya da Illela, kuma auna tsawon inuwar kafin a sa hannu aiki ne na masani.

Saura zancen kuɗi da na gudun ƴan boko. Kuɗin horar da mutum goma bai kai na ƴan kilomitoci na kwalta ba, kuma manyan jami'o'in Amurka sukan ɗauki nauyin ɗaliban doktorar da suka karɓa. Hanyoyin Afirka ma suna nan: shirin PTCI na jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda aka soma a 1994, da shirin doktora na haɗin gwiwa da cibiyar AERC ta Nairobi ta buɗe a 2002, da makarantar da Léonard Wantchékon ya kafa a Benin a 2014. Ƙofa ce ke da wuyar shiga, kuma a nan ne aikin ƙasa yake.

Na farko, wajibi ne Jami'ar Abdu Mumuni, da jami'ar Tawa mai sashen tattalin arziki, su buɗe hanya tsakanin sashen lissafi da na tattalin arziki, su kuma ƙarfafa Ingilishi, don ɗalibi ya isa ƙofar a shirye. Na biyu, hukumar burs ta ware gurabe ƙalilan duk shekara, a raba su ta hanyar gasa a fili, a buga sunaye da maki, domin burs ɗin da aka ba ɗan wane saboda ubansa hasara biyu ce. Na uku, a mayar da burs ɗin bashi wanda ake yafewa shekara-shekara gwargwadon aikin da mutum ya yi wa ƙasa bayan ya dawo, tun da kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na huɗu, a tanadi kujerun da suka dace da su a ma'aikatun kuɗi, ma'adinai da man fetur, da hukumomin da ke sa ido a kan sadarwa, makamashi da kwangilolin gwamnati, kuma a ba su ikon faɗa wa minista cewa lissafinsa bai fita ba, ba tare da an tura su wani lungu ba. Doktan da aka ajiye yana buga hatimi ba zai daɗe ba zai nemi jirgi, kuma ba za a ga laifinsa ba. Na biyar, a buɗe alƙaluman SIMA da na hukumar ƙididdiga ta ƙasa ga duk mai bincike ɗan gida, ba sai da takardar roƙo ba.

Alhazan Maraɗi da na Damagaram da na Tawa su ma suna da rabonsu. Sun gina masallatai da makarantu da gidajen likita, kuma jama'a ta shaida. Ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya, ko kujerar malami ɗaya a jami'a ta hannun majalisar ƴan kasuwa, bai fi ƙarfinsu ba, kuma su ne za su fara cin moriya ranar da aka zo tattauna sabon lanho ko sabuwar dokar shigo da kaya, aka samu mai kare su da alƙaluma.

Su kuma matasan da za su tafi, akwai nasiha a gare su. Ƙa'ida taswira ce, kuma mai taswira yakan ɓata idan bai ɗaga kai ya dubi hanya ba. Wanda ya dawo da doktora yana jin ya fi ƙarfin zama a rumfar mai hatsi ya tambayi yadda ake ba da kaya bashi daga Maraɗi zuwa Dawanau a kan kalma ɗaya, ya zama irin masu jakar da aka yi kuka da su, illa dai shi yana jin Hausa. Dillalin da bai taɓa shiga aji ba yana da amsoshin tambayoyin da littafin shafi dubu ya yi, aikin masani shi ne ya saurara, ya auna, ya mayar da su hujjar da za ta tsaya a gaban kowa.

Yaron da aka tura bana ba zai dawo ba sai bayan shekara biyar ko shida, kuma sai ya ƙara wasu kafin hannunsa ya faɗa. A cikin wannan lokaci za a sa hannu a kan yarjejeniyoyin da za su ɗaure ƙasa shekara ashirin ko talatin, kuma fari zai sake zuwa kamar yadda ya saba. Magabata na iya ci gaba da hayar masana daga waje duk ranar da ciniki ya taso, ko su soma renon nasu tun yau. Hausawa dai sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.